Injin markaɗe a bayan 'yar motar yara: abin da na gani bayan rani guda a Garwa

Injin da zan yi magana a kansa kowa ya san shi a garin Garwa na Kamaru, ko da bai san sunansa ba. Shi ne ɗan injin nan mai igiya da ke markaɗe a unguwanni, kuma ɗan'uwansa ne ke jan ruwa a gonakin albasa na bakin Binuwai. A jikinsa an rubuta 168F da ƙarfin doki 6.5, girmansa 196cc, ƙirar Sin ne da aka kwaikwayo daga Honda GX200. Ni wani aiki daban na saye shi ya yi mini. Na ɗora shi a bayan wata 'yar motar ƙarfe mara rufi, irin wadda ake kira gokat, da muka haɗa da wani dattijo mai walda a unguwar Yelwa saboda yarana da 'ya'yan yayata. Tun ƙarshen damina take aiki har muka shiga zafin Afrilu, don haka ina ganin lokaci ya yi da zan faɗi abin da na gani, ko wani mai irin wannan niyya zai amfana.

Injin ya biya kuɗinsa. Kulocin da na haɗo da shi daga shago ɗaya kuwa sai da muka sake tsarin motar kafin ya zauna lafiya.

Zan fara da saye, domin tun daga shago ake yin asara. Waɗannan injina kamanninsu ɗaya, amma bakin sandar da ke fitowa daga cikinsu iri uku ne. Na famfon ruwa yana da zare, don a kansa ake murɗa fankar famfon. Na janareta tsukakke ne, yana sirancewa zuwa ƙarshe. Wanda ake so a nan shi ne miƙaƙƙe mai tsagin makulli, irin na markaɗe da ake sa wa fuli. Shi ma kauri biyu ne, milimita 19 da milimita 20, kuma kulocin ɗaya ba ya zama a kan ɗayan. Mai shagon da na je wurinsa ya yi mini adalci a nan. Kafin ya sauko da kwali sai da ya ce, "Malam, me za ka ja da shi?" Da na faɗa masa, ya buɗe kwalin, muka zura kulocin a bakin sandar a gabansa, ya shiga daidai ba ya rawa. Wanda duk ya yi sha'awar sayen tsohon injin famfo a kasuwar Pitowa ranar Lahadi saboda araha, ya fara kwance famfon ya ga sandar da idonsa.

Kuɗin Honda na asali ya ninka na wannan fiye da sau biyu. Ita Honda ƙasa da doki 6 take rubuta wa nata a yanzu, don haka 6.5 ɗin da ke jikin kwali ban ɗauke shi da muhimmanci ba. Abin da ya dame ni shi ne ko zai ja yaro da ƙarfen da ke ƙarƙashinsa a cikin rairayi, kuma yana ja.

Babu mai a cikinsa idan ya fito daga kwali. Ɗan fiye da rabin lita yake sha, 0.6. Na zuba, na bar shi ya yi ta aiki a hankali ba kaya, sannan na juye man a gwangwanin tumatir na fito da shi rana. Man da ya shiga garau ya fito da toka-toka, ƙananan ɓurɓushin ƙarfe suna ƙyalli a samansa, da na shafa a yatsa kuma na ji ɗan tsaki-tsaki. Wannan injin ba shi da famfon mai, ba shi da matatar mai, wani ɗan cokali ne a ƙasan sandar fiston yake fantsama man ko'ina a ciki. Duk abin da ke cikin man a jikin ƙarfe yake yawo. Littafin Honda ya ce a yi juyen farko bayan awa 20, daga nan kuma duk awa 100. Ga na Sin, ni dai ban jira awa 20 ba, kuma na maimaita juyen har sai da man ya daina ƙyalli. Da zafi ya shigo, rana ta haura digiri 40 kamar yadda ta saba a Maris da Afrilu, sai na koma baƙin mai mai kauri irin wanda 'yan kilando, wato 'yan acaɓa, ke zuba wa baburansu.

Wajen tashi ba ni da ƙorafi. A buɗe fetur, a ja cok, a finciki igiya, da wuya ya wuce ja biyu ko da sanyin safiyar hunturu. Na duba tazarar bawul bayan ya ɗan yi aiki, na mayar da ita inda ake so, milimita 0.15 a na shiga, 0.20 a na fita, sai igiyar ta ƙara laushi. Fulogin da ya zo da shi na cire na ajiye, na sa NGK BPR6ES. Notuna kuwa sai an riƙa bi da sifana, musamman na salansa da na tanki, don jijjiga tana kwance su. Igiyar ta tsinke sau ɗaya, a bakin kasuwa na samu wata nan take. Wannan shi ne babban abin da ya sa nake yabonsa: kafireto, kwayil, zoben fiston, gasket, duk akwai su a shagunan kayan janareta, kuma duk yaron bakanike ya san cikinsa.

Sai dai injin an yi shi ne don ya zauna wuri ɗaya yana juyi ɗaya. Da ka ɗora shi a kan taya, abubuwa uku suke fitowa.

Akwai wata na'ura a cikinsa da ke kashe shi idan mai ya yi ƙasa. A kan markaɗe alheri ce. A kan mota, duk sanda yaro ya sha kwana da ɗan gudu sai man ya koma gefe guda, injin ya ɗauke. Mun cire wayarta, amma da sharaɗi: ba wanda zai ja igiya sai ya buɗe murfin mai ya ga man a bakin rami. Babban ɗana na ɗora wa wannan aikin, kuma yana yi.

Sai ƙura. Matatar iskar da ya zo da ita soso ne siriri, injin kuma yana zaune ne dab da tayar baya, inda ƙura ta fi tashi. A watan Janairu, yini ɗaya ya isa soson ya koma ja. Ƙurar da ta wuce soso cikin silinda take shiga ta cinye zobe, daga nan sai hayaƙi da shan mai. Da farko wanke soson nake yi da sabulu, in ya bushe in ɗiga masa mai in matse. Daga baya na samu matata irin mai kwanon mai a ƙasa, wadda ake gani a kan wasu injinan markaɗe, na sa. Duk sanda na buɗe kwanon sai in tarar da laka a gindinsa, ita ce da za ta shiga injin.

Na uku fetur. Zuwa-zuwa, wato fetur na kwalba da muke saye a bakin titi, wanda ake shigowa da shi daga Najeriya, ba kullum yake da tsabta ba, tun ma kafin ya yi tsada bayan cire tallafi a can a 2023. Akwai ɗan kofi a ƙarƙashin makunnin fetur da ke tare datti da ruwa, a riƙa kwance shi ana zubarwa. Ni da ƙyalle nake tacewa kafin in zuba a tanki. Tankin lita 3 ne da ɗoriya, yara su yi wasan yamma ba su shanye shi ba.

Yanzu ga kulocin. Irin wanda ke kamawa da kansa ne idan injin ya ɗau juyi, ba feda ba giya, haƙoransa 10, kacar babur mai lamba 420 yake ɗauka. A kula, 428 da ke kan yawancin baburanmu tazararta ɗaya da 420 amma ta fi ta faɗi da kauri, ba ta zama daidai. Mai shago ya tabbatar mini cewa in na ja kaca daga kulocin kai tsaye zuwa farantin bayan babur mai haƙora 36, zai ja. Mun gwada a gaban shagon walda. Motar ta tashi da ƙyar, kafin a je ƙarshen layi a dawo kwanon kulocin ya canza launi ya koma shuɗi-shuɗi, yana wari, ba a iya taɓa shi. Baba mai walda ya tsuguna ya daɗe yana kallonsa, ya ce, "Malam, wannan ba kamawa yake ba, gogawa yake."

Gaskiyarsa, kuma lissafi ya nuna dalili. Irin wannan kuloci sai injin ya kai wajen juyi 2,000 a minti yake kamawa sosai. Tayarmu ta baro ce, tsayinta kusan santimita 40, kowane juyi tana cin kusan mita 1.26. Da haƙora 10 a kan 36, sai motar ta haura kilomita 40 a awa kafin kulocin ya daina zamewa, ƙarshen gudunta kuma ya kai wajen 75. Ba yaron da zan bari ya yi wannan gudun, ke nan kulocin kullum a cikin ƙuna zai kasance. Maganin da muka yi shi ne ƙara wata gajeriyar sanda a tsakani, a kan boris biyu. Kaca ta farko daga 10 zuwa 36, ta biyu daga ƙaramin farantin gaba mai 14 zuwa wani 36 a kan sandar tayoyin baya. Yanzu injin yana juyawa sau tara da ɗoriya kafin taya ta juya sau ɗaya. Kulocin yana kamawa tun a wajen kilomita 16, gudun kuma bai kai 30 ba. Tana tashi a rairayi ba gardama, har ni babba tana ja. Duk da haka araha ba ta ado: zoben tagullar da ke tsakiyar kulocin yana son ɗigon mai a kai a kai, in ba haka ba ya kama sandar, motar ta riƙa tafiya tun injin yana sulo. Digo biyu kawai, kar ya taɓa takalman ciki. Kuma na hana yara tafiyar rarrafe da rabin totur, don ita ce ke cinye shi.

Maganar gwamna na fi son iyaye su ji. Wata na'ura ce a cikin injin da ke riƙe shi kar ya wuce juyi 3,600 a minti. Samarin unguwa da ke kallon bidiyo a waya sun dame ni da cewa a cire shi, motar za ta ƙara wuta. Ɗan yayata ma ya zo da tasa: "Kawu, kowa fa cirewa yake yi." Haka ne, in an cire injin zai haura 5,000. Amma ƙaton faifan da ke bayan igiya ƙarfen zubi ne, da maganaɗisu a liƙe a jikinsa, ba a yi shi don wannan juyin ba. In ya tarwatse, bayan yaro yana nan tazarar taƙi biyu. Masu tsere a Turai da Amurka da ke cire gwamna sai sun sauya wannan faifan da sandar fiston da na musamman. Ni ban taɓa shi ba, har ma na sa noti a bayan fedar totur don in rage wa ƙananan gudu. Motar farko irin wannan, wadda Art Ingels ya haɗa a Kalifoniya a 1956, da ɗan injin yankan ciyawa ta yi tafiya, wanda bai kai rabin ƙarfin wannan ba.

Aikin Baba mai walda shi ma ya cancanci a faɗe shi. Da bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu ya yi gangar jikin, ya ƙi sirara irin na taga, ya ce sai mai kaurin milimita 2. Sandar baya mai milimita 25 ya ɗora a kan boris mai gida, irin na injin niƙa. Da yake tayoyin baya biyu a sanda ɗaya suke, tare suke juyawa, motar takan so ta miƙe a kwana. Sai ya kwantar da ƙusoshin juyin tayoyin gaba baya kaɗan, ya kuma karkato hannuwan sitiyari suna duban tsakiyar sandar baya, ta koma shan kwana lafiya. Birki na babur ne mai faifai, a kan sandar baya. Abin da ya fi burge ni, ban roƙe shi ba ya rufe kacocin biyu da falle ya kuma yi wa salansa garkuwa. Ya ce yaranmu da doguwar riga suke yawo, 'yan mata da hijabi, kaca kuma ba ta sakin abin da ta kama. Da wannan murfin da hular kwano na shawo kan Yaya ta bar nata suka hau. Makashin injin ma mun jawo shi kusa da sitiyari, don na jikin injin yana bayan direba, hannu ba ya kai wa.

Tayar baro ita ce har yanzu ban gamsu da ita ba. Tsidau yana huda ta kusan duk fita, boris ɗin cikinta kuma ba na gudu ba ne, na gaba sai da muka sauya su da na babur. Ba ma hawa kwalta da ita, motar ba ta da takarda ba ta da fitila. A wani fili muke wasa da yamma, ni ko wani babba yana tsaye.

Akwai wata na'ura mai bel da ake sawa a madadin kulocin, irin tsarin da ke cikin babur sikuta, tana sauya ƙarfi da kanta daga tashi zuwa gudu, kuma ta fi dacewa da rairayi da manyan tayoyi. Na ba wani ɗan'uwa da ke zuwa Kano ta Yola sautu ya dubo mini, na rubuta masa milimita 20 a takarda don kar a kawo ta 19. Kafin ta iso, kulocin nan da ɗigon mansa yana riƙe da mu, kuma na sayi na biyu na ajiye.