Aikin karayar ƙugu: allurar baya ko ta barci?

Idan za a yi wa mutum aikin karayar ƙugu, likita yakan zaɓi ɗaya cikin biyu. Allurar baya, wadda August Bier ya fara gwadawa a Jamus a 1898, ana yinta ne a ƙasan gadon baya, inda laka ta riga ta ƙare. Ƙafafu su mutu na awa biyu zuwa uku, majiyyaci kuwa idonsa biyu, har yana jin ƙarar guduma. Hawan jini yakan sauka, wani kuma ya yi ciwon kan da ke tsananta in ya tashi zaune. Shanyewar ƙafa da mutane ke tsoro ba kasafai take faruwa ba, amma mai shan maganin tsinka jini kamar warfarin lallai ya faɗa wa likita.

Allurar barci ma ba ta kuɓutar da jijiya. Wanda ya yi barci ba zai ce gwiwar hannunsa ta danne ba, sai ya farka ƙaramin yatsa ya mutu. Ga tashin zuciya da ciwon maƙogwaro.

Ga tsoho mai ciwon huhu, ni dai na fi karkata ga allurar baya.