AK-47 da M16 a kan teburin gyara: wacce ta fi jure ƙurar hunturu?

Wani yaro da ya yi aiki a ƙarƙashina shekarun baya, wanda yanzu ya kai muƙamin saje, ya ziyarce ni a gidana da ke Yalwa a nan Bauchi bayan sallar La'asar, kuma tun kafin ya sha ruwan da aka kawo masa ya jefo tambayar da ta kawo shi. Ya ce, "Baba, ana ta musu a wurinmu cewa bindiga mai fistin ba ta taɓa cijewa, ita kuwa ta Amurka ko atishawa ka yi kusa da ita sai ta tsaya. Mene ne gaskiyar lamarin?" Na shafe fiye da shekara ashirin a ma'ajiyar makamai kafin in yi ritaya, na kwance AK-47, wato mai fistin ɗin, da ban san adadinsu ba, na kuma fara taɓa M16 ta Amurka a Laberiya zamanin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, lokacin da ake karɓar makamai daga hannun mayaƙa, don haka na ga ya dace in rubuta amsar da na ba shi. Maganar ta shafi jami'an da hukuma ta damƙa wa makami ne, domin Dokar Makamai ta 1959 ba ta bar wa farar hula ƙofar mallakar irin waɗannan bindigogi yadda suka ga dama ba.

Dukkan bindigogin biyu da iskar albarushi suke aiki. Idan harsashi ya tashi, akwai wata 'yar ƙofa a jikin bututun da ke satar kaɗan daga iskar mai zafi da ke tura shi, kuma wannan iskar ce ke mayar da sakata, wato ƙarfen da ke tura harsashi cikin bututu ya kulle bayansa, baya, ta fitar da kwanso, sannan sifirin ya dawo da ita gaba ta ɗauko sabon harsashi. Bambancin yana wurin da iskar ke tsayawa. A AK-47, wadda Mikhail Kalashnikov ya tsara kuma sojan Tarayyar Sobiyat suka karɓa a 1949, iskar tana bugun kan wani dogon fistin da ke kwance a saman bututu, fistin ɗin kuma haɗe yake da ƙarfen da ke ɗauke da sakata, sai su tafi baya tare, hayaƙin kuwa ya fice tun daga can gaba. A M16, wadda ta samo asali daga aikin Eugene Stoner a kamfanin ArmaLite cikin shekarun 1950, babu wannan sandar fistin. Wani siririn bututu ne ke ɗauko iskar tun daga gaba ya kawo ta har cikin cikin bindigar, ya zuba ta a cikin maɗaukin sakata, inda wutsiyar sakatar da ringinta guda uku ke yin aikin fistin. Makanikin mota zai gane abin nan take idan aka ce masa ɗaya injin yana fitar da hayaƙinsa ta salansa, ɗayan kuma sai hayaƙin ya ratsa ta wurin da ƙarafa ke gogayya da mai kafin ya fita.

Ana ganin sakamakon wannan bambanci a kan tebur bayan an dawo daga filin harbi. Idan ka cire murfin AK ka zaro maɗaukin, za ka tarar kan fistin ya yi baƙi ƙirin, amma sakatar tana nan da ɗan manta, ka iya riƙe ta da hannu ba tare da ta ƙona ka ba. Ta M16 kuwa za ta fito da zafi, man da aka shafa mata da safe ya ƙone ko ya zama baƙin kwaɓi, kuma kunkunniya ta daskare a wutsiyarta har sai an kankare. Kwance ta ma yana buƙatar natsuwa, saboda akwai wani ɗan fil mai kama da na kitso da ke riƙe allurar harbi, wanda idan ya faɗi cikin yashi, bindigar ta tashi daga aiki har sai an samo wani. Na taɓa ganin ƙato guda a durƙushe yana tankaɗe ƙasa da hularsa kusan rabin sa'a yana neman wannan fil. A kwancewar yau da kullum ta AK babu wani abu ƙarami haka, kuma tsinken goge bututu yana maƙale a ƙarƙashinta, kayan shara kuma suna cikin gindinta.

Mummunan sunan da M16 ta yi ba daga iska ya faɗo ba. A yaƙin Biyetnam, musamman a 1966 da 1967, bindigar ta riƙa cije wa sojojin Amurka a tsakiyar faɗa, kwanso ya maƙale a ɗakin harsashi sai an zura tsinke ta baki an bugo shi. Binciken da wani kwamitin majalisar wakilan Amurka ƙarƙashin Richard Ichord ya yi a 1967 ya nuna cewa an sauya nau'in albarushin da aka tsara bindigar da shi zuwa wani mai yawan datti da ke ƙara mata saurin bugu, ba a shafe ɗakin harsashi da kuromiyam ba a ƙasa mai damshi, sannan an raba ta ba tare da isassun kayan gogewa ba, har wasu sojoji suka ɗauka cewa ba ta buƙatar wanki. Da aka gyara waɗannan a sabon samfurinta, M16A1, matsalar ta ragu ƙwarai, amma labarin ya riga ya zaga duniya, kuma shi ne har yau ake maimaitawa a bariki.

Gwajin da ya fi kama da halin da muke ciki shi ne wanda sojan Amurka suka yi a filin gwajinsu na Aberdeen a ƙarshen 2007, inda suka sa bindigogi iri huɗu cikin ɗakin da ake busa ƙura, kowane iri guda goma, kowane iri kuma ya harba harsashi 60,000. M4, wadda ita ce gajeruwar ƙanwar M16, ta tsaya sau 882. Sauran ukun duk masu fistin ne: HK416 ta tsaya sau 233, SCAR sau 226, XM8 kuma sau 127. Duk wanda ya ga waɗannan alƙaluma zai ce magana ta ƙare, sai dai a wani gwajin ƙura da aka yi 'yan watanni kafin wannan, M4 ɗin sau 307 kacal ta tsaya, kuma wani kaso mai yawa na tsayawar da aka ƙirga daga magazin, wato gidan da ake jera harsasai a maƙala wa bindiga, ya fito. Ko a mafi munin sakamakon, harsashi fiye da 98 cikin kowane 100 ya tashi lafiya. Abin da na fahimta shi ne fistin yana da rinjaye na gaske a cikin ƙura, amma rinjayen bai kai yadda ake zuzuta shi a majalisar hira ba.

A nan ne hunturunmu ke shigowa. Daga Disamba zuwa Fabrairu, mota ɗaya ta bi hanyar Alkaleri zuwa Yankari ko ta ratsa ƙauyukan Ningi, duk wanda ke bayanta zai sauko fari fat, kuma ƙurar nan mai laushi kamar garin tuwo babu inda ba ta shiga. Tsohuwar koyarwar da muka tarar ita ce a bar bindiga a bushe a lokacin ƙura don kada mai ya kama datti. Wannan koyarwa tana tafiya da AK, domin an bar sarari tsakanin ƙarafunta, maɗaukinta yana da nauyi, iskar da ke bugun fistin kuma ta fi abin da ake buƙata, don haka tana ture ƙasa ta wuce ko da a bushe take. Wanda ya ɗauki wannan al'ada ya kai ta kan M16 ya cuci kansa. Ita tana son mai sosai a jikin sakata da maɗauki, saboda man ne ke hana kunkunniya da ƙura daskarewa, kuma baƙar M16 mai jiƙe da mai ta fi fara tas busasshiya aiki. Sai kuma ɗan murfin da ke rufe ƙofar fitar kwanso, wanda Stoner ya sa don maganin ƙura, amma da yawa suke barinsa a buɗe saboda mantuwa.

Ba zan ɓoye laifin AK ba, ko da yake ita na fi sabawa da ita. Babban abokin gabarta a wurinmu shi ne damina, tare da yarda da aka yi cewa ba ta lalacewa. Yawancin tsofaffin harsasai na ƙasashen gabashin Turai da na Sin suna barin wani gishiri a bututu da kan fistin bayan harbi, gishirin nan kuma yana jan damshi, mai kaɗai ba ya narkar da shi, sai an wanke da ruwa an busar sannan a shafa mai. Wata shekara cikin watan Agusta aka kawo mini wata daga wani ƙaramin ofishi a karkara, an yi harbi da ita aka jingine ta a lungu kusan wata guda. Na ja hannun sakatar ya ƙi motsi, na dafa gindinta a ƙasa na taka da takalmi bai motsa ba, sai da ta kwana cikin kananzir kafin fistin ya saki, kuma da ya fito jajir yake da tsatsa kamar an tono shi daga rijiya. Mai riƙe da ita ya ce mini, "Yallaɓai, ai an ce ita ba ta son wanki." Bututun iskar M16 na ƙarfen da ba ya tsatsa ne, jikinta kuma alminiyam, don haka irin wannan cuta ba ta cika kama ta ba.

Wajen saiti kuma M16 ta yi gaba. Da yake babu wani ƙarfe mai nauyi da ke kai da komowa a saman bututunta, kuma duk bugun yana tafiya a miƙe zuwa kafaɗa, bakinta ba ya tsalle sosai, harbi na biyu yana sauka kusa da na farko. Littafin sojan Amurka ya ba samfurin M16A2 mita 550 a kan mutum guda, alhali mai AK idan ya wuce mita 300 sai dai a yi masa fatan alheri. Harsashin M16 mai awon milimita 5.56 ya fi 7.62 na AK sauƙin ɗauka, abin da wanda ya taɓa sintirin yini guda a ƙafa cikin zafin Afrilu ba zai raina ba.

Kamfanin Heckler & Koch na Jamus ya yi ƙoƙarin haɗa alherin biyu a HK416, wato jikin M4 da gajeren fistin irin na bindigarsu G36, kuma Nowe da Faransa sun karɓe ta a matsayin bindigar sojansu. Sakatarta tana zama da sanyi da tsabta, wannan gaskiya ne. Sai dai ta fi M4 nauyi da kusan rabin kilo, nauyin kuma a gaba yake, kuɗinta ya fi yawa, sannan fistin ɗin kowane kamfani nasa ne shi kaɗai, ba ya shiga na wani, alhali kayan M16 da M4 iri ɗaya ne ko'ina. Wasu daga cikin kwaikwayon da ƙananan kamfanoni suka yi suna da wata matsalar, domin fistin yana bugun maɗauki daga sama, sai gindinsa ya karkata ya riƙa cin ƙarfen da ke bayansa.

Idan na tuna bindigogin da aka kawo mini da ƙorafin cijewa, mafi yawansu lafiyarsu ƙalau, magazin ne ya lalace, rijiya ta bayar guga ya hana. Leɓen magazin alminiyam na M16 yana buɗewa idan ya faɗi a kan dutse, daga nan sai ya riƙa sakin harsashi biyu a lokaci guda. Na AK ƙarfe ne mai kauri, har ana buɗe kwalbar lemo da shi, ko da yake na sha hana yara yin haka, kuma kwanson harsashinta mai tsukewa ne zuwa gaba, shi ya sa magazin ɗin ya lanƙwashe kuma kwanson ke fita cikin sauƙi. Rabin amincin da ake jingina wa fistin na waɗannan abubuwa ne. Bayan magazin sai sifirin ɗin ƙugiyar da ke fizgo kwanso, sai ringin sakata, waɗanda ake gwada su ta hanyar zaro sakatar a tsayar da maɗaukin a kanta bisa tebur, idan ya zube da nauyinsa to ringin sun gaji.

Hukuncin da na yanke wa sajen shi ne, ga jami'in da za a tura wani ƙauye mai nisa inda babu mai gyara, babu man bindiga na ainihi sai abin da aka tatso daga injin mota, kuma kayan canji sai an rubuta takarda an jira watanni, AK ce zaɓina, musamman da yake harsashinta da sassanta sun wadata a ma'ajiyoyinmu kuma masana'antar DICON da ke Kaduna tana ƙera irinta. Ga rukunin da ke da horo, da mai kula da makamai, da kwalbar mai a aljihun kowa, M4 za ta ba su saiti da sauƙin ɗauka da AK ba za ta ba su ba, kuma ba za ta kunyata su ba muddin sakatarta na jiƙe. Kafin ya tafi na tambaye shi yaushe rabon da ya zare bututun fistin ɗin tasa ya leƙa cikinsa, sai ya sunkuyar da kai ya ce tun kafin azumi. Na shiga ɗaki na ɗauko masa tsohon burushina na waya da rabin galan na kananzir, na ce ya fara da wannan kafin ruwan farko ya sauka.