Allurar rigakafin koriza mai rukuni uku: tana aiki, in an bi ƙa'idarta

Kwalbar rigakafin koriza, wato murar kajin nan mai kumbura fuska har ido ya rufe, yawanci mililita 500 ce, tana isar kaji 1,000, kowacce rabin mililita. Matacciyar ƙwayar cuta ce a ciki, an gauraya ta da mai ko da sinadarin alminiyom.

Kafin ka biya kuɗi ka karanta jikin kwalbar. Sunan ƙwayar Avibacterium paragallinarum. A da Haemophilus paragallinarum ake ce mata, sai a 2005 masana suka ware ta tare da 'yan uwanta da ke zama a jikin tsuntsaye, suka raɗa musu Avibacterium, cikin dangin Pasteurellaceae. In ka ga tsohon sunan, ita ce dai. Abin dubawa shi ne rukuni, domin ƙwayar ta kasu uku: A, B da C. Matacciyar allura ba ta kare kaza sai daga rukunin da aka zuba a cikinta, saboda haka mai A da C kaɗai ta bar wa B ƙofa a buɗe. Mai ukun muke ba da shawarar a saya, ko da ta fi tsada, tunda cutar kan rage ƙwai da kashi 10 zuwa 40 cikin ɗari.

Sau biyu ake yi, a tsokar ƙirji ko ƙarƙashin fatar wuya, tsakaninsu kamar mako huɗu, kuma a gama kafin kaji su fara ƙwai. Sau ɗaya ba ya wadatarwa.

Wajen ajiya aka fi yin asara. Firij take so, digiri 2 zuwa 8. Idan ta daskare ta lalace, a zubar. A fito da ita sanyinta ya sake kafin a tsira, a riƙa girgizawa, in ba haka ba wata kazar ta sami mai zalla. Mai man ta fi daɗewa tana kariya, amma ta fi barin ƙulli a wurin allura. Wanda ta soka a yatsa ya tafi asibiti nan take, da kwalbar a hannu.

Gazawarta ɗaya babba: ba ta warkar da wadda ta riga ta kamu, kuma kazar da ta warke tana ci gaba da ɗauke da ƙwayar. Ƙwayar ba ta jimawa a wajen jikin kaza, don haka a kwashe tsofaffi duka, a wanke ɗaki a bar shi ya huta, kafin a zuba sababbin da aka yi wa allurar.