Sharhi a kan ma'ajiyar SSD mai sauri da na sanya wa kwamfutata

Kwamfutar teburin da nake aiki da ita ta ɗan kwana biyu, amma firosesarta da RAM ɗinta mai gigabait 16 har yanzu sun ishe ni ga abin da nake yi, wato rubuce-rubuce, gyaran hotuna, da tace bidiyo jefi-jefi. Matsalar da ta daɗe tana damuna ita ce jira. Idan na kunna ta, Windows za ta buɗe, amma ba zan iya yin komai ba sai bayan wasu mintuna, kuma duk lokacin da na leƙa Task Manager, manhajar Windows da ke nuna yawan aikin da kowane sashe na kwamfuta ke yi, sai in tarar firosesa tana hutawa, RAM bai cika ba, faifan ajiya kuwa ya maƙale a kan kashi 100 cikin 100. Daga nan na gane cewa faifan ne ke riƙe da sauran kayan, don haka na sayi ma'ajiyar SSD samfurin NVMe mai terabait ɗaya. Na yi watanni ina aiki da ita kullum, kuma ban taɓa yi wa kwamfuta gyara guda da ya kai wannan tasiri ba, sai dai tasirin bai fito daga babbar lambar saurin nan da aka buga a jikin kwalinta ba.

Tsohon faifan nawa irin mai juyawa ne da ake kira HDD, wanda ke juyawa sau 7,200 a minti ɗaya. A cikinsa akwai farantai masu maganaɗisu da wani ɗan hannu da ke kai da komo a kansu, kamar yadda allurar garmaho ke bin faifai, kuma kafin a karanta kowane ɗan bayani dole hannun ya isa layin da bayanin yake, sannan ya jira farantin ya juyo da wurin. Wannan jira yakan kai kusan kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa. Mutum zai ce ai wannan ba komai ba ne, amma idan Windows ko wata manhaja za ta tashi, dubban ƙananan fayiloli take karantawa waɗanda ke warwatse a ko'ina cikin faifan, shi kuwa abin da zai iya biya a daƙiƙa ɗaya bai wuce buƙata ɗari da 'yan kai ba. A nan ne mintunan ke tafiya. SSD ba ta da wani abu mai motsi a cikinta. Bayanai suna zaune ne a ƙwayoyin filash samfurin NAND, fasahar da Fujio Masuoka ya ƙirƙiro a kamfanin Toshiba na Japan a shekarun 1980, kuma kwantirolar ma'ajiyar tana isa kowane wuri cikin kusan kashi ɗaya cikin dubu goma na daƙiƙa, ko bayanin yana farko ko yana ƙarshe.

Kafin saye na fi ɓata lokaci a kan littafin babban allon kwamfutar (motherboard, wanda sauran kayan ke haɗuwa a kansa) fiye da kan tallar ma'ajiyoyin, kuma ina ganin duk mai niyyar wannan gyara nan ya kamata ya fara. SSD iri biyu ce a yawanci. Akwai mai amfani da hanyar SATA, wadda iyakar saurinta a aikace bai wuce megabait 550 zuwa 560 a daƙiƙa ba komai kyawunta, domin ita kanta hanyar ce ke da iyaka. Akwai kuma NVMe, ƙa'idar da ta fito a 2011, wadda ke magana da firosesa ta layukan PCIe, wato hanyoyin sadarwa masu sauri da ke kan babban allo. Tsohuwar ƙa'idar AHCI da SATA ke bi tana da jerin jira guda ɗaya mai ɗaukar umarni 32, alhali NVMe tana iya buɗe jeri fiye da dubu sittin. Abin da ke rikita mutane shi ne gurbin M.2, wato ramin da ake zura irin wannan siririyar ma'ajiya a kan babban allo, domin suna ɗauka duk abin da ya shiga gurbin zai yi aiki. M.2 siffa ce kawai: akwai gurbin da SATA kaɗai yake karɓa, akwai mai karɓar NVMe kaɗai, akwai mai karɓar duka biyun, kuma a wasu allunan da zarar an sanya ma'ajiya a gurbin sai wasu daga cikin ramukan SATA su daina aiki. Tsawo ma abin dubawa ne. Lambar 2280 da ake gani tana nufin faɗin milimita 22 da tsawon milimita 80, kuma ita ce aka fi samu, amma wasu ƙananan kwamfutocin tafi-da-gidanka gajeru suke ɗauka.

Tawa ta ajin PCIe 4.0 ce, ajin da irin su Samsung 980 PRO da WD Black SN850X suke ciki, kuma kwalinta ya yi alkawarin karatu na kusan megabait 7,000 a daƙiƙa. Babban allona kuwa PCIe 3.0 ne, wanda iyakarsa a layuka huɗu kusan 3,500 ne. Da sanina na saye ta haka, domin ma'ajiyar tana sauka ta yi aiki a tsohon gurbi ba tare da wata tangarɗa ba, kuma ranar da na sauya allo zan tafi da ita.

Sanyawar ita ce mafi sauƙi a cikin aikin duka. Na zare wayar wuta, na taɓa ƙarfen akwatin domin in sauke duk wani cajin da ke jikina, sannan na zura ma'ajiyar cikin gurbin a karkace har haƙoranta masu ruwan zinariya suka shige. A nan ɗayan bakin nata yakan tsaya a sama, sai a danna shi a hankali ya kwanta a kan ɗan ginshiƙin da ke daidai alamar 80, a ɗaure da wani ɗan mitsitsin noti wanda sai da ƙaramin sukurudireba. Wannan noti yawanci tare da babban allo yake zuwa, ba tare da ma'ajiyar ba, saboda haka a neme shi tun kafin a buɗe kwamfuta. Na kuma ɗora mata farantin ƙarfe mai zuƙe zafi, bayan na ɓare siririyar ledar da ke rufe da danƙon da ke ƙarƙashinsa, domin idan aka bar ledar zafin ba zai ratsa zuwa ƙarfen yadda ya kamata ba.

Wajen Windows ne ake bukatar natsuwa. Ana iya kwafe tsohon faifai baki ɗaya zuwa sabuwar ma'ajiya, ana kuma iya zuba sabuwar Windows daga filasha. Na zaɓi na biyu, saboda ba na son in kwaso tarkacen shekaru in kai sabon wuri, kuma saboda tsohon faifan yana kan tsohon tsarin rarraba faifai da ake kira MBR, alhali tayar da kwamfuta daga NVMe yana bukatar sabon tsarin, wato GPT, tare da UEFI, manhajar babban allo da ke tayar da kwamfuta. Na cire wayar tsohon faifan kafin in fara, domin idan yana haɗe mai girkawar yana iya ajiye fayilolin tashi a kansa, sai ranar da aka cire shi kwamfuta ta ƙi tashi. Wanda ya fi son kwafewa ya tuna ya dakatar da BitLocker, makullin Windows da ke ɓoye bayanan faifai, idan yana amfani da shi, ya kuma adana mabuɗinsa a wani wuri daban.

Sakamakon bai bukaci wata manhajar awo ba kafin in gan shi. Yanzu daga danna maɓallin wuta zuwa fara rubutu bai kai rabin minti ba, kuma da zarar allo ya bayyana zan iya buɗe burauza da manhajar hotuna lokaci guda, babu wanda ke jiran wani. Foldar da ke ɗauke da dubban hotuna, wadda a da nake kallon ƙananan hotunanta suna fitowa ɗaya bayan ɗaya da tafiyar hawainiya, yanzu kusan a tare suke bayyana. Neman fayil, sabunta Windows, binciken riga-kafin ƙwayoyin cutar kwamfuta, duk sun daina tsayar da aiki. Wannan ƙarar ta ƙar-ƙar da faifan ke yi idan ya sha aiki ita ma ta tafi, fanka kaɗai nake ji.

Da na gwada ta da manhajar awon sauri ta CrystalDiskMark, layin farko, wanda ke auna karanta manyan bayanai a jere, ya nuna abin da na zata, wato kusan iyakar gurbin PCIe 3.0. Amma layin da ya fi jan hankalina shi ne na ƙasa, wanda ke auna karanta ƙananan gutsattsari masu kilobait huɗu ɗaya bayan ɗaya daga wurare daban-daban. A wannan awo ko ma'ajiyar NVMe mai kyau takan tsaya ne a 'yan gomomin megabait a daƙiƙa, SSD ta SATA tana bin ta a baya da tazarar da ba ta da yawa, faifai mai juyawa kuwa da ƙyar yake kai megabait ɗaya. Aikin yau da kullum na kwamfuta kusan duk irin wannan karatun ne. Saboda haka babban tsallen yana tsakanin faifai mai juyawa da kowace irin SSD, tsallen da ke tsakanin SATA da NVMe kuwa ƙarami ne a wajen buɗe manhaja ko tayar da Windows. Na yi aiki a kan kwamfutoci masu SSD ta SATA, kuma gaskiyar magana ita ce idan rubutu da intanet ne aikin, da wuya mutum ya bambance su da tawa.

Inda ƙarin saurin ya biya ni shi ne manyan fayiloli. A wajen tace bidiyo, jan layin lokaci gaba da baya ya daina sarƙewa, kuma buɗe ɗaurarren fayil mai gigabait masu yawa ya koma aikin 'yan daƙiƙu. Fitar da bidiyon da aka gama tacewa dai bai ragu sosai ba, domin wannan aikin firosesa ne da katin hoto. Haka kuma idan daga tsohon faifai ko filasha nake kwafo abu, saurin na can ne ke yanke hukunci.

Akwai abubuwa biyu da ba a cika bugawa da manyan baƙi ba. Na farko shi ne saurin rubutu ba ya dawwama. Yawancin ma'ajiyoyin yau samfurin TLC ne, wato kowace ƙwaya tana riƙe bit uku, amma domin su yi sauri sukan ware wani yanki su riƙa rubuta bit ɗaya a kowace ƙwaya, sai daga baya su kwashe zuwa mazauninsa na dindindin. Muddin wannan yanki bai cika ba, rubutu yana gudu, idan kuwa aka turo fayiloli masu ɗimbin yawa a jere har ya cika, sai saurin ya faɗo ƙasa a fili. Na ga haka da idona lokacin da na kwafi wata babbar foldar bidiyo daga sashe zuwa sashe: layin saurin ya tafi a sama, can sai ya gangaro ya ci gaba a ƙasa har aka gama. A samfurin QLC mai bit huɗu faɗuwar ta fi tsanani, kuma yankin yana ƙanƙancewa gwargwadon yadda ma'ajiya ke cika, abin da ya sa nake barin kusan kashi ɗaya cikin biyar nata babu komai. Na biyu shi ne zafi. Yawancinsu an tsara su su yi aiki tsakanin digiri 0 da 70 a ma'aunin Selshiyos, kuma idan kwantirola ta yi zafi da yawa takan rage gudu da kanta domin kada ta lalace. Da farantin ƙarfen nan da iskar da ke ratsa akwatin ban ga tawa ta kai ga haka ba, amma a cikin siririyar kwamfutar tafi-da-gidanka abin lura ne sosai.

Batun ƙarewar ƙwayoyi, wanda ke tsorata mutane da yawa, bai dame ni ba da na yi lissafi. Gaskiya ne kowace ƙwayar filash tana da iyakar yawan gogewa da sake rubutu, amma ma'ajiyoyin wannan aji masu terabait ɗaya sukan zo da garantin shekara biyar ko rubutun terabait 600, duk wanda ya riga cika. Wanda ke rubuta gigabait 50 a kowace rana zai tara kusan terabait 18 a shekara, wato sai ya haura shekara talatin kafin ya kai wannan adadi. CrystalDiskInfo tana nuna jimillar abin da aka rubuta da yanayin lafiyar ma'ajiyar, kuma nakan leƙa lokaci-lokaci. Kada kuma wani ya tayar da hankali idan Windows ta nuna gigabait 931 a maimakon 1,000, domin bambancin lissafi ne: kamfanoni suna ƙirga da 1,000, Windows tana ƙirga da 1,024. Tsohon aikin nan na haɗa gutsattsarin fayiloli wuri guda da ake yi wa faifai mai juyawa ba shi da amfani a nan, Windows da kanta take aika umarnin TRIM da ke sanar da ma'ajiya wuraren da aka goge.

Wannan TRIM ɗin ne ya sa na ƙara tsananta wajen ajiye kwafi. Faifai mai juyawa sau da yawa yakan yi gargaɗi kafin ya mutu, ya yi ƙara ko ya riƙa jinkiri, kuma fayil da aka goge bisa kuskure ana iya ceto shi muddin ba a rubuta wani abu a kansa ba. SSD tana iya ɗaukewa rana tsaka idan kwantirola ta samu matsala, kuma abin da aka goge, da zarar TRIM ya bi ta kansa, dawo da shi abu ne mai matuƙar wuya. Filash kuma ba wurin ajiyar shekaru ba ne idan babu wuta, domin cajin da ke riƙe da bayanan yana zurarewa a hankali. Saboda haka tsohon faifan bai bar akwatin ba: na goge shi, na mayar da shi wurin da kwafin ayyukana ke sauka a kowane mako, muhimman takardu kuma suna da kwafi na uku a wajen kwamfutar.