Zoben tsattsewa da shafin EURING

Ranar wata Laraba ƙanena ya dawo daga lambun albasarmu a fadamar Rima riƙe da mataccen tsattsewa. A ƙafarsa akwai ɗan zoben ƙarfe mara nauyi, da lamba da rubutun boko ƙanana, sai da na ari tabarau ɗin Baba na iya karantawa. Inna tana gani ta ce asiri ne, a binne shi. Ni kuwa taurin kai ya hana.

Wani ɗalibin jami'ar Ɗanfodiyo ya nuna mini shafin EURING, ƙungiyar masu sa wa tsuntsaye zobe a Turai, wadda aka kafa a 1963. Ba sa karɓar ko sisi. Lambar zobe, ranar da aka tsinta, wurin, a mace ko a raye, su ne manyan tambayoyinsu. Da irin wannan bayani suke gane hanyar ƙaurar tsuntsu da tsawon rayuwarsa.

Amsa ta iso ta imel: a Ingila aka sa masa zoben, tun yana cikin sheƙa. Abin da bai cika tafin hannu ba ya ƙetare Sahara! Aikinsu ya burge ni, wallahi. Inna dai har yau ba ta yarda a shigo da zoben ɗakinta ba.