Wane ƙarfen durowa za ka saya kafin ka sa zarto a katako?

Haɗa akwatin durowa ba abin tashin hankali ba ne, gefe huɗu ne da gindi. Inda aiki ke ɓaci shi ne abin da durowar za ta riƙa gudu a kai. Shi za ka fara saya tun kafin katako, domin kaurinsa ne zai faɗa maka faɗin da za ka yanka.

Iri huɗu ne a gabanka. Akwai hanyar da, wato a manna siririn katako a gefe a goga masa kyandir. Ba ta cin kuɗi, amma idan Agusta ta yi katako ya sha danshi ya kumbura, sai an yi kokawa durowa ta buɗe, hunturu kuma ya zo ta koma lakwa-lakwa. Akwai farin ƙarfe mai tayar roba: arha gare shi, ba ya fito da durowa duka, tayar kuma ba ta da nisan kwana. Akwai wanda ke ɓoye a ƙarƙashi yana rufe kansa a hankali, irin na kamfanonin Blum na Ostiriya da Hettich na Jamus. Kyau kam ba a magana, sai dai tsada, kuma ba ya yafe kuskuren awo, don haka a bar wa masu injina.

Na huɗu, wanda ni na zaɓa, shi ne mai boris, mai hawa uku, wanda ake ɗaurawa a gefe. Ƙarafa uku ne ɗaya cikin ɗaya, da ƙananan ƙwallaye a tsakaninsu. Ka ja, durowa ta fito gaba ɗaya har ka ga cokalin da ya maƙale a can ƙurya. Mai faɗin milimita 45 idan na kirki ne yana ɗaukar kilo 35 zuwa 45, ya ishi durowar tukwane ko ta kayan aiki. Awonsa kuma mai sauƙin riƙewa ne: rabin inci kowane gefe, wato milimita 12.7. Ka auna faɗin ramin kabad daga ciki, ka cire milimita 26, abin da ya rage shi ne faɗin akwatinka daga waje. Gara ya ɗan yi ƙanƙanta da ya yi yawa, domin ƙaramin giɓi ana cike shi da siririn kwali a bayan ƙarfen, amma akwatin da ya matse sai an kwance shi. Tsawon ƙarfen yana tafiya ne inci bibbiyu, 12, 14, 16 har zuwa 22, ka ɗauki wanda bai kai zurfin kabad ɗin ba. A jikinsa akwai wani ɗan harshen roba baƙi, ka danna shi ƙarfen ciki ya zare. Shi ake ɗaurawa a jikin durowa, sauran a jikin kabad. Wajen ɗaura sukuru, fara da dogayen hujojin jikin ƙarfen masu kama da ƙwayar shinkafa, su ne ke ba ka damar matsawa sama ko ƙasa, sai komai ya zauna sannan ka ɗaure a zagayayyun.

To, a nan fa ake cin amana. Wani mai shago ya taɓa sayar mini da guda shida a kwali mai sheƙi, da rantsuwar cewa mai nauyi ne. Damina ba ta fita ba ɗaya ya lanƙwashe a ƙarƙashin tukwanen uwargida, ƙwallayen suka watse a tsakar kicin, yara na tsinta suna wasa. Tun daga nan ba na duba kwali. Kwali ana buga shi a ko'ina, har sunan babban kamfani da tutar Jamus. Ka ce a fito maka da shi daga leda. Jinjina shi a hannu, sannan ka jinjina mai tsadar shagon, bambancin nauyi ba ya ɓuya. Na kirki kaurin ƙarfensa milimita 1 ne zuwa 1.2, na bogi kuwa kana matsa bakinsa da babban yatsa yana ba da kai. Ja shi har ƙarshe ka girgiza: in yana kaɗawa sama da ƙasa tun ba kaya, ajiye. Leƙa ciki ka ga ƙwallayen, domin wasu ana rage musu yawa. Saurara kuma, ƙarar yashi ba ta ɓacewa don an shafa man giris, ko da mai shago ya ce "Alhaji, sabo ne shi ya sa." Duba biyun da aka ba ka tsawonsu ɗaya ne, ka kuma duba tsatsa a bakin hujoji. Mai rufe kansa a hankali na arha ma kada ya ruɗe ka, ɗan famfon da ke ciki shi ke fara mutuwa, daga nan durowa ta riƙa tsayawa saura ɗan yatsa ta rufe.

Sukurorin da ke zuwa a ledar galibi laushi gare su, kansu na cinyewa tun a juyi na uku. Sayi naka daban, gajeru, waɗanda ba za su ɓulla ta ciki ba.

Akwatin kansa ka yi shi da filawud mai milimita 12, gindi mai 6 a zura cikin tsagi, kada a buga shi da ƙusa daga ƙasa. MDF, wato allon da ake yi da garin katako da gam, ba ya riƙe sukuru a baki, ruwa kuma na taɓa shi ya kumbura. Filawud ɗin ma tafi da tef ɗinka, don wanda ake kira 12 sau da yawa 11 ne ko ƙasa, kuma ka duba bakinsa ko akwai ramuka tsakanin hawa-hawan. Kafin gam ya bushe, auna akwatin daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangarori biyu, in awon bai zo ɗaya ba matsa shi har ya zo, domin mai boris ba ya gudu a karkataccen akwati.