Ciwon ƙoda: kwalbar amino asid, ƙwaya ko abinci, wanne ya cancanci kuɗinka?

A Damagaram, da zarar mara lafiya ya rame ya daina cin abinci, sai dangi su fara roƙon likita: "A ƙara masa ruwa mana." Ga mai ciwon ƙoda da ya daɗe, wannan roƙo yana iya jawo masa wahala. Kafin ka nufi farmasi, ka san abu ɗaya: an fara yi masa wankin ƙoda, wato tace jini da na'ura, ko tukuna?

Wanda bai fara wanki ba, ƙodarsa ba ta iya fitar da dattin furotin, shi ya sa ake rage masa zuwa kusan giram 0,6 a kowane kilo na nauyinsa a rana. Mai kilo 60, giram 36 ke nan. To kwalba ɗaya ta ƙarin ruwa ta jijiya, mililita 500 mai kashi 10 cikin 100, tana ɗauke da giram 50 na amino asid, wato sinadaran da ke haɗuwa su zama furotin. A zama ɗaya an wuce rabon yini, ga rabin lita na ruwa a jikin da ƙafafunsa suka riga suka kumbura. Irin wannan, idan likita ya ga dacewa, ƙwayar Ketosteril, mai ɗauke da amino asid, ya fi rubuta masa, ana sha tare da abinci, ɗaya a kowane kilo 5. Lissafa da kanka: mai kilo 60, ƙwaya 12 a rana, 360 a wata. Ba abin da za a fara yau a bari jibi ba ne, kuma akwai kalsiyam a cikinta, sai ana auna jini.

Mai wanki kuwa, kamar waɗanda ke zuwa babban asibitin ƙasa na Zinder, lissafinsa dabam ne. Na'urar tana kwashe masa amino asid a kowane zama, don haka yana bukatar furotin giram 1 zuwa 1,2 a kowane kilo a rana. Nan ne kwalba ke da gurbi: ana sa ta cikin tiyon wankin, na'urar ta cire ruwan da ya yi yawa. Akwai waɗanda aka haɗa musamman don masu ƙoda, irin su Nephrotect da Nephrosteril. Na gama-gari, wasunsu da potasiyam a ciki, wanda yawansa ke iya tsayar da zuciya. Kada mai shago ya ce maka "duk ɗaya ne".

Duk da haka, a ganina baki ya fi jijiya. Wani bincike da aka buga a 2007, kan masu wanki 186 a Faransa, ya nuna ƙara abinci ta jijiya a kan na baki bai rage mace-mace ba cikin shekara biyu. Ƙwai ɗaya yana da kusan giram 6 na furotin, kuma kullum ake ci, ita kuwa kwalba sai ranar wanki. Kilishi dai a bar shi, gishirinsa ya yi yawa, haka ma tuwo mai kanwa. Kwalba ta wanda ya kasa ci ce, ko mai amai ba tsayawa.

In an rubuta maka ita, ɗaga ta sama ka duba a haske: ruwan ya zama garau, ba gurɓata, murfi bai taɓu ba, kwanan wata bai wuce ba. Wadda ta sha ranar watan Afrilu a tebur ɗin kasuwa, ko aka aiko daga Kano a bayan mota, kada arha ta ruɗe ka da ita.